Ƙwaryar Man Kaɗe ta Matafiyi

Ni haifaffiyar Gwandu ce, a gidan malamai na tashi, a Kalgo kuma na yi aure har na tsufa. Abin da zan ba da labarinsa ya auku ne a zamanin da Turawa ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba, tun ayarin jakai yana zuwa Gwanja yana komowa da goro. Matan yanzu suna sayen man shafawa a kwalba suna yaba ƙanshinsa, ban kuwa hana su ba. Amma macen da ba ta taɓa nutsa hannunta har gwiwa a cikin ƙullun kaɗe ba, kada ta ce da ni ta san mai.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, 'yar Maruda ce, kuma a dajin da ke bayan gonakin danginta take tsintar kaɗe. Itacen nan ba a hawansa, ba a girgiza shi, ba a jifarsa. Abin da ya faɗo don kansa shi ne ya nuna. Da farkon damina takan tafi can ta zauna wurin 'yan'uwanta, kullum ta yi sammako kafin awaki su riga ta, da sanda a hannu tana bubbuga ciyawa saboda macizai, domin su ma suna son gindin kaɗe. A sha naman 'ya'yan, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a daka ƙwarar a turmi, a soya, a niƙa a dutse har ta zama ƙullu baƙi-baƙi mai ɗaci. Daga nan aikin gaske yake somawa. Inna takan durƙusa gaban masaki tana bugun ƙullun da tafin hannu, tana yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, tun hantsi har rana ta karkata, sai ka ga wani farin kumfa yana tasowa daga cikin baƙin nan kamar ba daga cikinsa ya fito ba. Shi ake kwashewa a wanke, a tafasa har ya yi garau, a zuba a ƙwarya. In ya huce sai ya daskare, samansa ya yi sumul. Wannan saman shi muke kira fuskar mai.

Babu abin da ba ya yi a gida. Da shi ake miya ranar da babu man shanu, da shi ake sabulu, shi ake sa wa fitila. Shi ake ɗiga wa jariri a cibiya, a goga masa a hanci in mura ta toshe shi. Dukawa suna nemansa don fata, masu jakai don gyambon baya. Ko ruwan da anka wanke shi ba a zubarwa a banza, gindin katanga ake kwarara shi, gara ba ta kusantar wurin. Halinsa kuwa ba irin na sauran mai ba ne: a ƙwarya yana da tauri har sai an sa ƙarfin yatsa, amma da ya ji ɗumin jikin mutum sai ya saki, ya shige fata ya zauna.

Ina da wa, shi ne ɗan farin Inna. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ce da shi komai ba sai «kai» ko «wancan». Ina budurwa ya bi fatake zuwa Gwanja. Da ayarin ya komo babu shi. Madugun ya zo har zauren Baba ya ce zazzaɓi ya kama shi a wani zango can hayin Kwara, sunka bar shi a hannun mai masauki da jakinsa da guzurinsa, a kan zai biyo ayari na baya. Ayari na baya ya zo, na bayansa ma ya zo. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a wata kasuwa. Wani ya ce mai masaukin ya tashi daga garin. Ba wanda ya ce ya ga kabari.

To, matan gidajen fatake suna da wani abu da suke yi. In mutum ya yi doguwar tafiya, uwarsa takan cika ƙaramar ƙwarya da man kaɗe na fari, ta rufe, ta liƙe bakin murfin da yumɓu, ta rataye a ragaya. Ranar da ya dawo za a wanke masa ƙafafu da ruwan ɗumi, shi da kansa ya sa yatsu ya fasa fuskar man, ya shafa a fason dugadugansa. Ba wanda zai riga shi taɓawa. In shekara ta zagayo bai zo ba, sai a juye tsohon a kai masallaci don fitila, a cika da sabo a ranar, domin ba a barin ƙwaryar matafiyi ta wuni wofi. Wadda anka wanke anka kife, ta mamaci ce. Muddin ƙwaryar nan tana rataye da mai a ciki, wana yana da rai a wurin Inna, kuma ita ce kaɗai hanyar da kunya ta bar mata ta faɗi haka.

Baba ya sha yi mata magana. Yakan tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, «Ke 'yar Maruda, wannan abu fa ba ya cikin littafi ko ɗaya da na karanta. Abin da ya kamace mu shi ne mu tara mutane a yi masa addu'a, a ba da sadaka.»

Ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi. «Malam, ni ban ce yana cikin littafi ba. Cikin ragaya yake.»

Haka shekaru sunka shuɗe. Anka yi mini aure a Kalgo, na haihu, na yaye. Sai ga wata shekara da iska mai zafi ta kakkaɓe furen kaɗe tun yana kan reshe. Inna ta tafi Maruda ta komo da ƙwallon da bai cika tafi biyu ba. Ba ta sami abin sabuntawa ba, don haka ta bar man bara a liƙe yadda yake. Daga Gwandu har Kalgo man kaɗe ya ɓace. Abin da ake gani a kasuwar Jega tsohon abu ne mai warin hayaƙi, an cuɗa shi da gari don ya yi auki.

Da ɗarin wannan shekara, wata safiya, ɗiyata ta matso murhu don jin ɗumi, ta jawo tukunyar kunu a jikinta. Ƙunar ta kama daga hammatarta ta dama, ta bi cikin damtse, ta gangara haƙarƙari. Surukata, uwar maigidana, ta yi mata abin da ta sani har ruwan ƙunar ya tsaya, sabuwar fata ta soma fitowa ja. Muna murna, sai wata rana ta kira ni ta ɗaga hannun yarinyar a hankali. Bai ɗagu ba sai kaɗan.

Ta ce, «Dubi nan da kyau. Fatar nan tana warkewa a bushe, tana jan hannun zuwa jiki. In ta gama kamewa haka, hannun ya manne ke nan. Ba ta ɗaukar tulu, ba ta daka, ba ta ɗaura ɗankwali da kanta har ta mutu.»

Munka gwada man shanu, wata Bafillatana mai kawo mana nono ta ba mu kyauta. Kafin azahar ƙudaje da kiyashi sun yanyame yarinyar. Munka gwada man gyaɗa, ya tsiyaye a tabarma, fatar ta koma yadda take. Surukata ta girgiza kai ta ce, «Ba mai zama a kan ƙuna sai kaɗe, kuma mai kyau, kuma kullum. Ke kin san inda yake. Duk garin nan an san uwarki tana da ƙwarya.»

Na ce, «Gwaggo, wannan ba tawa ba ce.»

Ta ce, «Hannun ma ba nawa ba ne. Ni dai na faɗa miki.»

Maigidana ya ɗaure mana jaki, ya ja mu har Gwandu, ya ajiye mu ya koma kan aikinsa. Baba yana zaune a zaure lokacin da munka iso. Da ganin jikarsa ya washe baki, irin wasan kaka da jika. «A'a, ga amaryata ta zo biko da kanta! Ina tsarabata? Ko mutanen Kalgo kifi kawai sunka iya ci, ba su iya bayarwa ba? Miƙo hannu mu gaisa.»

Ta miƙa masa hagu.

«Da hagu? Mijinki guda za ki gaisar da hagu? Wa ya koya miki wannan rashin...»

Sai zanen da na lulluɓe ta da shi ya zame. Baba bai ƙarasa ba. Ya karɓi hagun ya riƙe da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

Sai bayan la'asar na shiga ɗakin Inna. Wajibi ne mai karatu ya fahimci nauyin abin da ke kaina. Yarinyar nan ita ce tawa 'yar farin. Ni ma ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa goya ta a gaban Inna ba tare da na sunkuyar da kai ba. Yanzu ga ni zan buɗe baki in yi roƙo dominta. Ƙwaryar tana rataye daidai bisa kanmu, ƙura ta rufe murfinta.

Na ce, «Inna, ɗiyar mutanen Kalgo ce anka ce sai da kaɗe.»

Ta ce, «Na gani. Allah ya sawwaƙe. Gobe in aika Maruda a bincika.»

«An bincika, Inna. Babu a Maruda, babu a Jega.»

Ta sunkuya tana tsinke audugar da ke cinyarta.

Na ce, «Ko rabi ne. Ki bar masa rabi.»

Sai ta ɗago ta dube ni. «Auta, a gidan nan kinka tashi ko a wani? In yatsa ya shiga, ai ta daina zama tasa. Rabi da duka ɗaya ne. Kuma mi zan zuba a madadinsa? Ruwa?» Ta koma kan audugarta. Can ta ƙara da cewa, cikin murya mai kaifi, «Yau kuma ke ce ke roƙo don 'yar fari, ido cikin ido. Lalle Kalgo ta wanke miki fuska.»

Maganar ta soke ni, na amsa da abin da ban taɓa zaton zan iya faɗa mata ba. Na ce, «Wurinki na koya. Taki kunyar ga ta nan a rataye, duk Gwandu ana gani.»

 Na tashi na fita.

Washegari da hantsi Inna tana kaɗi a inuwar rumbu, yarinyar tana zaune kusa da ita tana kallon yadda mazari ke juyawa. Ni ina can gefe ina tankaɗe, ni da Inna ba mu ce da juna komai ba tun gaisuwar safe. Sai zaren ya tsinke, mazarin ya gangara. Yarinyar ta manta da kanta, ta kai hannun dama za ta cafke. Na ji ƙarar daga inda nake, 'yar ƙara ce kamar an yaga busasshen ganye. Fatar hammatar ta tsage, jini ya biyo haƙarƙarinta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ta yi kuka ba. Ta riga ta koyi cewa kuka yana motsa ƙirji, ƙirji kuma yana jan ƙunar. Ta dai buɗe baki, hawaye yana zuba, ta ɗauki mazarin da hagu ta miƙa wa kakarta.

Inna ta karɓa. Ta ajiye shi a kan audugar a hankali. Ta tashi ta shiga ɗaki, na bi ta har bakin ƙofa. Ta jawo turmi ta hau, ta sauko da ƙwaryar.

Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, «Dubawa kawai zan yi, ko ya ɓaci. Ya kwana biyu.»

Ta fito da ita tsakar gida inda akwai haske. Ina tsaye a kanta, don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi. Yumɓun da ke bakin murfin yana nan lafiya ƙalau, ba tsaga ko ɗaya, har da sauran yanar gizon da ta haɗe shi da igiyar ragaya, wadda ta tsinke wajen saukowa. Da bayan wuƙa ta ƙwanƙwasa shi, ya faffashe ya zuba. Ta ɗaga murfin.

Man bai ɓaci ba. Fari ne, da ɗan ƙanshinsa na ƙwarar da anka soya daidai. Amma fuskarsa a fashe take. Daga gefen ƙwaryar zuwa tsakiya akwai sawun yatsu uku a jere, masu zurfi, irin yadda mutum ke dangwalo mai da yawa in zai shafa a dugadugi. Sun fi yatsun mace faɗi.

Ban san tsawon lokacin da munka yi a haka ba. Na tuna dai kaji suna tsattsagar garin da na bari a faifai, ban kore su ba. Inna ta sa na kira Baba. Ya zo ya sunkuya ya duba, ya ce, «Zafin bazara ne. Ya narke ya sake kamewa, ƙwaryar kuma a karkace take.» Ya faɗi haka sau ɗaya da ƙarfi, ya sake faɗi a hankali.

Ni kuwa na yi shekaru masu yawa bayan wannan ina haɗa man kaɗe da hannuna, na buɗe ƙwaryar da ta sha bazara ba iyaka. Man da ya narke ya sake kamewa yakan yi tsaki-tsaki, yakan taru a gefe guda in ƙwaryar ta karkace, wani lokaci ya tsage kamar ƙasar fadama. Ban taɓa ganin ya bar sawun yatsu ba. Ban ce ga abin da ya faru ba. Allah shi ne masani. Na faɗi abin da na gani ne kurum.

Inna ta ɗora yatsunta a cikin sawun, sunka nutse da sauran wuri. Sai ta yi wata 'yar dariya da ban so jinta ba, ta ce, «Ya zo ke nan. Ya shafa ya wuce. Ai shi tun yana yaro bai iya jira a ba shi abu ba.» Sannan ta kira sunansa, sunan yanka, a fili, a gaban Baba da ni. Ta juya ga yarinyar. «Zo nan, ƙawata. Kawunki ya gama, saura namu ne.»

Ta murza man a tafinta har ya narke, ta bi gefen ƙunar da shi a hankali tana hurawa. Daga ranar ta karɓe aikin daga hannuna. Safe da yamma take shafawa, in fatar ta yi laushi sai ta ɗaga hannun kaɗan, ta riƙe, yarinyar tana cije leɓe. Ta ƙulla magarya a tsumma ta rataye a jikin rumbu, ta ce ba mai sha sai wanda ya ciro da dama. Kowace safiya kuma sai ta matsar da ƙullin sama kaɗan. Baba yakan tsaya yana zuga: «Haba amarya, ki ciro mana, kada a ce na auri raguwa!» Ɗari ya wuce muna Gwandu. Jan fatar ya koma duhu, ta daina tsagewa. Hannun ya kai kafaɗa, ya wuce kunne. Bai taɓa miƙewa sarai kamar ɗan'uwansa ba, tabon kuma yana nan har ta yi jikoki, amma ta ɗauki tulu, ta yi daka, ta yi duk abin da mace ke yi.

A duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya ƙara ta da zancen wana. Man dai yana raguwa, kowa yana gani. Da farko Inna ta riƙa ɗiba daga gefe tana kewaye sawun nan, har ya rage shi kaɗai a tsakiya kamar tsibiri. Daga baya shi ma ta shiga cinsa.

Ranar da ya rage abin shafa ɗaya, Inna ta fito da ƙwaryar da ƙoƙon ruwan ɗumi da toka, ta ajiye su a gabanta. Ta ce da ni, «Kira mini Malam.» Da ya zo ta ce, «Malam, abin nan da ka daɗe kana faɗi. Ka gaya wa liman da maƙwabta. Akwai geron da na jiƙa, za a yi gumbar sadaka.»

Na zaci zai yi hamdala, tunda shekara da shekaru wannan yake nema. Sai na ga ya dafa rumbu. Ya dubi cikin ƙwaryar, ya dubi ƙoƙon ruwan, gemunsa yana motsi.

Ya ce, «Ba sauri ake ba. Ki bar ɗan kaɗan a gindinta mana. Ko na kan farce ne. Damina ta kusa, a cika.»

Inna ta daɗe tana kallonsa, kuma ban taɓa ganin ta dube shi da tausayi irin na ranar ba.

Ta ce, «Yarinyar ba ta gama warkewa ba, Malam.»

Ta lanƙwasa yatsa ta kankare gindin ƙwaryar tas, ta shafe a hammatar jikarta. Sannan ta sa toka da ruwa ta wanke ƙwaryar ciki da waje, ta kife ta a kan dutsen niƙa. Baba ya juya ya nufi zaure. Munka jira mu ji ya aiki wani zuwa gidan liman, ba mu ji ba. Har anka kira azahar yana zaune shi kaɗai, takalmansa a gabansa, bai sa su ba.